Dukiyar Jamus a Cikin Gyaɗata

Wata Talata ce a ƙarshen daminar 1981. Ina durƙushe cikin 'yar gonata ta gyaɗa ina cire ciyawa da hannu, sai na ji wani kuka a bayana, siriri mai shiga haƙori, kamar an taka wa ɗan akuya wutsiya. Da na waiwaya sai na ga ƙanen babana, Kofur Iliya, ya dasa manyan takalmansa na soja a kan kunyar da na fi ji da ita, ya toshe kunnuwansa da wasu baƙaƙen ƙoƙuna masu igiya, yana riƙe da doguwar sanda mai faffaɗan ƙarfe a baki. Idanunsa sun fito waje. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Rifkatu, kada ki motsa!" Ni kuwa na motsa. Na miƙe tsaye na ce, "Bappa, ka taka min gyaɗa." Bai ma ji ni ba. Ya durƙusa ya zaro wuƙa ya tumɓuke gindi guda da 'ya'yansa farare da ba su ƙosa ba, ya jefar gefe kamar ciyawa, ya shiga tono. Shekarar da na faɗa, ba a lokacin na san ta ba. A lokacin ban san ana yi wa shekara lamba ba. Sai da na girma na yi karatu na zauna na lissafo ta.

A unguwar Gude muke, a Mubi, lokacin ana ce da jiharmu Gongola. Yayyena maza suna zuwa makaranta da allo a hannu, fuska a wanke, da man kaɗanya a ƙauri, ni kuma an ce in zauna in taya Mama aiki, kuma ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. Ni ce ɗebo ruwa a mayo, wato kogi, ni ce surfe, ni ce korar awaki daga shanyar dawa, ni ce wanke-wanke. A wanke-wanken nan na yi suna. Idan aka ba ni tukunyar da ta yi baƙi ƙirin, in samu toka da yashi da ɓawon masara, sai na mayar da gindinta mutum ya ga haƙoransa a ciki. Mata kan aiko da tukwanensu daga maƙwabta, ladana kuma ƙanzo. Wannan suna nawa shi ya jawo min abin da zan ba da labari.

Amma abin da nake taƙama da shi a shekarar, gonata ce. A gidanmu, idan yarinya ta kai ta ɗauki tulu ba a kama mata ba, kakarta kan yanka mata gayauna, ta kuma gina mata ɗan rumbu na yumɓu, tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Abin da yarinya ta zuba a rumbun nan a girbinta na fari, da shi za a riƙa auna ta har ta tsufa. Akwai gwaggona guda da jikokinta, amma har lokacin in ta yi magana a taro sai wata ta ce, "Ke da ɓera ya shiga rumbunki ya fito yana kuka?" Kaka ta yanka min wuri mafi kyau, wato kufan da ke bayan gida, inda ɗakinta yake tun tana amarya kafin a matso da gida kusa da hanya. Ƙasar wurin baƙa ce, ta sha toka da kashin awaki na shekaru. Rumbun kuma da hannunta ta gina, ko da yake idonta ya riga ya tafi, inuwa kawai take gani. Takan ce, "Ido ya yi ritaya, yatsa ya karɓi aiki." Na shuka, na yi noman fari, na yi maimai, na kwana ina mafarkin gyaɗa. Saura 'yan makonni a cire.

Shi kuwa Bappa Iliya, ya yi soja tun zamanin yaƙin basasa, ya dawo da igiya biyu a hannu, da murya mai tsorata kaji, da wannan na'ura. Ya ce da ita ake neman nakiya a ƙasa, kuma wai kyauta aka ba shi saboda jarunta. Mama ta ce a bola ya tsinto ta a bayan bariki. Maƙwabcinmu Tizhe, kafinta mutumin Michika, shi ya taya shi ɗaure ta da roba da waya har ta soma kuka idan an cika mata batir. Matan unguwa suka sa mata suna faifan Kofur. Tun da ta soma aiki ba mu huta ba. Ya bi bakin mayo, ya bi gindin kuka, ya bi bayan coci, yara na biye da shi kamar mai wasa da kura. Abin da ya tara a buhu kuwa: ƙusoshi masu tsatsa, gwangwanin tumatir, murfin kwalba, ruwan fartanya da ya karye, da kacar keke. Duk da haka bai karaya ba, domin tsofaffi sun sha faɗa cewa Jamusawan da suka zauna a ƙasar nan kafin Ingilishi, da za su gudu, sun binne akwatunan zinariya ba su samu dawowa ba. Ba wanda ya taɓa ganin akwatin, amma kowa yana da kawun da ya san wanda ya kusa gani.

Abin da ya tono a gonata ranar nan bai yi kama da komai ba. Wani kewayayyen abu ne, faɗinsa kamar bakin ƙaramin ludayi, ƙasa da tsatsa sun manne masa sun daskare, baƙi-baƙi, kore-kore, kamar ƙuli-ƙulin da ya shekara a ƙarƙashin gado. Bappa ya ɗaga shi sama ya sara masa. Kafin la'asar duk Gude ta ji cewa Kofur ya samo kuɗin Jamus, kuma inda ɗaya ya fito, nan akwatin yake. Da yamma ya zauna da Baba a ƙofar gida ya zana taswira a ƙasa da tsinke: ranar Asabar za a kira gayya, a tone kufan nan gaba ɗaya har zurfin mutum. Na fito daga bayan zana inda nake laɓe na ce a bari in cire gyaɗata tukuna. Bappa ya ce magana ta riga ta fita, in aka jira, wasu za su riga mu. Ya ce, "In akwati ya fito zan saya miki gyaɗa mota guda." Na ce ba na son ta mota, tawa nake so. Baba ya ce in rufe baki. Kaka ta yi ta faɗa da yarenmu daga ɗakinta, ta kira na'urar da sunan da ba zan rubuta ba, shi ya sa Bappa ya rantse ba za ta taɓa abin ba, tunda ba ta da imani da shi.

Baba mutum ne mai tsoron rigima, ta kowane ɓangare. Sai ya yanke hukunci na tsakiya: a wanke abin tukuna. In kan Sarkin Jamus ya bayyana, a tone. In bai bayyana ba, a bar wa yarinya gonarta. To wa zai wanke? Duk suka juyo suka dube ni. Haka aka danƙa min, a cikin tsumma, abin da zai kashe min gona, aka ce in goge shi da kyau.

Na goge kuwa, domin ni ma ina so in ga fuskar wannan Bajamushe da ya rasa inda zai zubar da kuɗinsa sai cikin gyaɗata. Na sa toka, bai ji ba. Na sa yashin mayo, yatsuna suka yi jini, shi ko a jikinsa. Kowa a unguwa ya zama gwani. Wata ta ce kanwa, wata ta ce lemun tsami, matar Tizhe ta ce a kwana da shi cikin dusar burkutu, wani mai gyaran mota ya ce ruwan batir, Mama ta ce in aka shigo mata da ruwan batir gida za ta koma gidan ubanta. Kowace yamma Bappa yakan karɓa, ya tara maza a gindin ɗorawa, su karkata shi wajen rana suna ƙanƙance ido. Bappa yana ganin gashin baki, murɗaɗɗe, irin na manyan sojoji. Tizhe ya ce shi dai saniya yake gani. Wani dattijo ya daɗe yana dubawa ya ce mace ce da ɗankwali, aka ce masa Jamus ba sa naɗa mace, ya ce shi ma ba shi ya naɗa ta ba. Ran Alhamis ƙasar tsakiya ta faɗo, sai ga huji. Na yi murna na ce kuɗin Jamus ba zai yi huji ba. Bappa ya ce harsashi ne, kuma wannan ya ƙara tabbatar da cewa an yi artabu a wurin. Ran Juma'a ya sanar cewa gashin bakin ya fito sarai, wanda bai gani ba hassada ce ta rufe masa ido. Baba ya duba, ya dubi ƙanensa, ya ce kamar dai akwai gashin baki. Aka aika a gaya wa 'yan gayya su zo da sassafe da diga da shebur.

Dabara ɗaya ta rage min, tsamiya. Da yammacin Juma'ar na jiƙa tsamiya mai yawa, na tace ta tas, na zuba a ƙwarya, na jefa abin a ciki, na rufe da faifai na tura lungun madafa. Na ce ko dai ta cinye dattin, ko ta cinye Bajamushen, duk wanda ta yi na gode. Na je na tsaya a bakin gonata na daɗe ina kallon ganyen. Ban yi kuka ba. Ni ba mai kuka ba ce. Tsinuwa na yi ta yi a ciki.

Da gari ya waye Mama ta tashi dama kunun gayya a babbar tukunya. Ta laluba lungu ta ga ruwan tsamiya a jiƙe, a tace, a rufe. Daga baya ta ce har ta sa min albarka, wai yau Rifkatu ta yi aiki ba a aike ta ba. Ta juye ƙwaryar gaba ɗaya cikin kunu. Ni a lokacin ina mayo. Ko da na dawo da tulu, maza sun cika tsakar gida, digoginsu jingine da danga, kowa da ƙoƙonsa yana hurawa yana kurɓa. Tizhe yana cewa kunun yau akwai wani ɗanɗano na daban, kamar mutum ya lashi ƙofar coci. Bappa ya sha, ya ƙara, ya goge baki, ya ce, "Rifkatu, kawo Sarkin Jamus jama'a su gaisa da shi kafin a fara." Na shiga madafa na tarar da ƙwaryata a kife, an wanke ta. Na fito da ita a hannu na ce, "Mama, ina tsamiyata?" Mama ta dubi ƙwarya, ta dubi tukunya, ta dubi mazan nan da ƙoƙunansu, ta ɗora hannu biyu a ka.

Nan take kowa ya gane cewa Sarkin Jamus ya bi tsamiya cikin kunu. Sai wani saurayi ya dafe maƙogwaro ya ce wallahi ya ji wani abu ya wuce. Wani ma ya ce ya ji. Kafin ka ce me, rabin gayya sun ji abu ya wuce. Bappa ya koma soja nan take. Ya daka tsawa ya ce kada wanda ya fita, ya jera su a jikin danga kamar fursunoni, ya ce kowa ya ɗage riga. Ya sa ƙoƙunansa a kunne ya ɗauko faifan, ya soma bin cikin mutane ɗaya bayan ɗaya. Manya-manyan magidanta, masu 'ya'ya da surukai, tsaye da tumbi a waje, mata na leƙe ta saman zana suna cusa zani a baki. Faifan ya iso kan Tizhe ya ƙwala ihu. Tizhe ya ce, "Na shiga uku, yanka ni za ku yi?" Ashe ƙarfen bel ɗinsa ne. Ya yi ihu a kan dattijon nan mai ganin mace, aka samu mabuɗin akwati ɗaure a zariyar wandonsa. Ya yi ihu a kan Baba, aka rasa dalili, Baba ya soma zufa yana kiran sunan Allah, sai can aka tuna da allurar da yake maƙalawa a bakin aljihu don cire ƙaya. Saurayin nan na farko kuwa ya zame ya zaga bayan gida yana sa yatsa a baki.

Da aka gama layi ba a samu komai ba, Tizhe ya gyara wandonsa ya ce, "Kofur, saura mutum ɗaya. Kai ka fi kowa sha. Ɗage taka." Bappa ya ce shi ne mai bincike, ba a binciken mai bincike. Jama'a suka ce ba su yarda ba, tunda sun nuna nasu sai ya nuna nasa. Sai a lokacin kowa ya tuna cewa ba a taɓa ganin Kofur Iliya babu singileti ba. Ko a mayo da ita yake wanka. Ko a gona, rana na dukan kowa, tana jikinsa. Ya rungume cikinsa da hannu ɗaya yana ja da baya, ɗayan hannun yana kare kansa da faifan.

Duk wannan abin Kaka tana zaune a tabarmarta a ƙofar ɗaki, tukunyar kunu tsakanin ƙafafunta. Gindin tukunya haƙƙinta ne a gidanmu, ba mai taɓa mata. Takan kwashe kaurin da yatsu ta tsotsa, tunda ba haƙori. Ni kaɗai na lura ta daina motsa baki. Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ta tura harshe gefe, ta tofo abu a tafin hannunta. Tsamiya da zafin kunu sun yi abin da na kasa: dattin ya saki, ƙarfen ya fito fari-fari, ya yi sumul. Ta shafa shi da babban yatsa, ta bi gefensa, ta ce in miƙo mata tsinken tsintsiya. Ta soka a hujin tsakiya. Ta laluba kusa da baki ta sake sokawa, sai ga tsinke ya ɓulla ta wani ƙaramin huji na biyu da ba wanda ya san da shi.

Kaka da yarenmu take magana a gida, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji. Amma ranar Hausa ta zaɓa, don kada wani maƙwabci ya tafi bai fahimta ba. Ta ce, "Iliya, zo nan." Ya zo. Ta ce, "Wannan ba na Jamus ba. Wannan naka ne. Kobo ne na Ingilishi, babanka ya huda na biyu da ƙusa, ya goge bakinsa a dutsen niƙa don kada ya yanke ka. Ka zo duniya cibiyanka ya fito kamar ƙwan zabo. Da wannan na ɗaure maka shi." Haka ake yi a da: jaririn da cibiyarsa ta turo, a ɗora kobo a kai, a zarga zare a ɗaure ta baya har ta koma. Kaka ta ce kobon bai gama aikinsa ba ya ɓace a tsohon ɗakinta, ta share ƙasa ta tankaɗe ba ta gani ba. Sai ta ɗaga sandarta ta laluba cikin Bappa ta saman singileti, ta tsaya a wuri guda ta danna. Ta ce, "Ga shi nan. Har yanzu bai koma ba."

Tizhe ne ya fara faɗuwa ƙasa don dariya. Daga nan ba wanda ya iya tsayuwa. Mata suka saki zana suka shigo, dattijon nan yana share hawaye yana tambaya, "To ina gashin bakin?" Bappa ya ƙame kamar ana faretin safe, ƙoƙunan na rataye a wuyansa, faifan na ta ƙananan kuka shi kaɗai saboda ya kusanci diga. Ni ban yi dariya ba tukuna. Na je gaban Baba na ce, "Baba, kan Sarkin Jamus ya fito?" Ya ce bai fito ba. Na ce, "To gonata fa?" Ya ce, "Gonarki taki ce." Sai a sannan na zauna a ƙasa na yi tawa, har cikina ya ƙulle.

Kaka kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta juya fuska wajen tudun da aka binne kakanmu, ta yi magana a hankali da yarenmu. Ashe tun ranar da kobon ya ɓace ta ɗora wa mijinta laifi cewa shi ya kwance shi daga cikin jariri ya sayi taba, shi kuma ya yi ta musu har ya mutu. Ta ce masa ya yi haƙuri, ta gano. Sannan ta ƙara da cewa amma sauran abubuwan duk shi ne.

'Yan gayya suka ce tunda sun sha kunu ba za su tafi haka ba, suka wuce gonar dawar Baba suka yi masa yini guda. Bappa ya yi kwanaki ba ya fita. Sunan Jamus kuwa ya bi shi har kabari. 'Ya'yansa ma 'ya'yan Jamus ake ce musu. Ranar da na soma cire gyaɗa, ina sunkuye sai na ga inuwa a gefena. Shi ne, ba takalmi, da singiletinsa. Ya sunkuya kusa da ni, muka yi ta tumɓuka har rana ta take. Rumbuna bai cika fal ba, saura kamar tafin hannu, kuma na san kunyar gyaɗar da Bappa ya taka ce ta jawo haka. Kaka ta zura hannu ta taɓa ta ce ya yi, ta kwance bakin zaninta ta ba ni kobon. Faifan kuma Mama ta cire shi daga sandar ta mayar da shi murfin randa, kuma a nan ya fi amfani.

Yanzu kufan nan babu shi. An zuba siminti an jera ɗakunan haya, ɗalibai ke ciki, keke mai ƙafa uku na sauke su a daidai inda kunyoyina suke. Jikokina mata duk suna makaranta, kuma na gode wa Allah, don na san zafin rashinta. Amma ba wadda aka taɓa gina wa rumbu, kuma in cibiyar jariri ta turo asibiti ake kai shi, haka ya kamata. Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na mata. Ranar da na ga na iya haɗa baƙaƙe, na dawo gida na ciro kobon daga cikin kwalla, na fita rana na karkata shi yadda mazan nan suke yi a gindin ɗorawa, ina so in karanta abin da aka rubuta. Babu ko harafi ɗaya. Yashina da tsamiyata da shekaru sun cinye komai, sai wani ɗan layi kamar kusurwar tauraro. Sai na rufe ido na bi shi da yatsa, na samu hujin tsakiya, na samu ƙaramin na gefe. A nan ne kawai yake karantuwa.